Masu shan jini a Zariya: soyayya za a bi ko rikicin mulki?

'Yar Gyallesu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kan labarin da nake rubutawa, na yi nisa sai na cije. Labarin masu shan jini ne irin na littattafan Turawa, waɗanda suka mutu amma ba su kwanta ba, sai dai a nan Zariya na dasa shi. Wasu sun shigo gari lokacin da layin dogo daga Baro zuwa Kano ya ratso nan wajen 1911, suka maƙale a tsofaffin sito na kamfanonin Turawa a Sabon Gari. Ashe akwai waɗanda suka riga su, suna cikin ganuwa tun kafin Bature ya zo. Sai wata ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ta faɗa son ɗaya daga cikin na birni. Damuwata ita ce, in na saki babin rikicin shugabanci sai masu karatu su yi tsit, in na saki na soyayya wayata har zafi take ɗauka don saƙonni. Ni kuwa rikicin ya fi mini daɗin rubutawa. Wanne zan bi?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Bi rikicin kawai ƙanwata. Duk wanda ya kalli The Originals, shirin talabijin ɗin nan na masu shan jini, ya san ba wa ke son wa ne ya riƙe mutane ba. Mutum ne da danginsa suka gina birnin New Orleans na Amurka, ya gudu ya bar ta, bayan kusan shekara ɗari ya dawo ya tarar yaron da ya raina da hannunsa ya zama sarkin gari, yana ce masa sannu da zuwa baƙo. Wannan shi ne labari. Soyayyar wucewa nake yi da ita.

Maman Khalifa: Kai Ɗan Samaru, ko sisi ka taɓa biya ka karanta littafi? Mu da muke tura kuɗi a saka mu a zauren biya mu za a tambaya. 'Yar Gyallesu kar ki biye masa. Abin da ke jan mace a irin labarin nan a fili yake. Namiji ne da ya shekara ɗari biyu yana kallon duniya, ya ga kyawawa iri-iri sun tsufa sun tafi, ba abin da ke burge shi, sai ga wata yarinya da ba 'yar kowa ba ta hana shi sukuni. Ba zai tsufa ba, ba zai ajiye tumbi ba, ba ranar da zai ce miki albashi bai shigo ba.

Ɗan Samaru: Shekara ɗari biyu fa kika ce Hajiya. Mata nawa ya binne? Ke ce ta arba'in.

Maman Khalifa: Kishiyar da ke kabari ba ta hana ni barci.

Anti Nas: Ni abin da ke tsaya mini a wuya ke nan, shekarun. Ku ɗauki littafin Twilight da 'yan mata suka haukace a kansa tun fitowarsa a 2005. Saurayin an haife shi a 1901, an juya shi ya zama mashayin jini a 1918 lokacin annobar mura yana ɗan shekara 17, ya daskare a haka. Wato tsoho ne da ya haura ɗari yake zaune a ajin sakandare da jikokin jikokin sa'anninsa. Yana haurawa ta taga ya tsaya a kan yarinya tana barci ba ta sani ba. Da bakinsa yake gaya mata ƙamshin jininta na sa shi jin kamar ya kashe ta. A unguwarmu wanda ya yi rabin wannan 'yan sintiri ake kira masa. Amma da yake fari ne kyakkyawa mai mota, sai aka ce ƙauna ce.

Maman Khalifa: Anti ai daɗin a nan yake, yana iya cutar da ita amma ya danne zuciyarsa. Kuma ki duba, bai yarda ya kusance ta ba sai bayan aure. Marubuciyar mai riƙo da addininsu ce, shi ya sa. Mu ma littattafanmu na soyayya wa suka fi yayi in ba miskili mai kuɗi ba, wanda ba ya dariya, kowa na shakkarsa, sai matarsa kaɗai ke juya shi? Haƙora kawai aka ƙara masa.

Anti Nas: Wannan miskilin ma ban yafe masa ba. Ina ganin matan irinsa ana kawo su asibiti da kumburarren ido suna cewa ƙofa suka buge.

Malam Na Kongo: Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don ina ganin 'yata ta raba abin da ba ya rabuwa. Asalin halittar nan ba kyan gani. A 1725, a wani ƙauye na Sabiya, lokacin yankin yana hannun Ostiriya, mutane suka yi ta mutuwa a jere. 'Yan ƙauye suka ce wani manomi da aka binne ne yake fitowa da dare yana shaƙe su. Suka tsare jami'in gwamnati sai da ya tsaya aka tone kabarin, aka soke gawar da tsinin itace, aka ƙone ta. Rahotonsa ne ya bazu a Turai. Abin ya yi ta maimaituwa har a 1755 sarauniyar Ostiriya Maria Theresa ta sa likitanta ya bincika, aka hana tone kaburbura don wannan. To mashayin jini na farko ke nan: talaka, kumburarre, mai wari, iyalinsa da maƙwabta yake bi. Ba macen da za ta yi masa kallo biyu.

A 1819 wani likita mai suna John Polidori ya rubuta gajeren labari, ya mai da shi basarake mai shiga manyan gidajen Landan, mata na rububinsa. Ranar da ya sami sarauta da dukiya, ranar ya sami farin jini. Dracula na littafin 1897 ma me ya fara yi? Lauya ya ɗauka ya saya masa gida a Ingila, ya yi lodin akwati hamsin cike da ƙasar garinsu a jirgin ruwa, ya shiga rarraba su a gidaje cikin Landan. Gari ya zo ci, kuma ta kan matan abokan gabansa ya bi. Don haka abin da Maman Khalifa take so a jikinsa, wato isa da ƙasaita, shi ne dai abin da Ɗan Samaru yake kallo. Ku cire masa mulkin ku ga ko soyayyar za ta tsaya da ƙafarta.

Anti Nas: Malam bari in sa baki kan gawar nan. Ba wani abin mamaki suka gani ba. Gawa in ta kwana biyu iska ke taruwa a ciki ta kumbura, sai ka ga kamar mutum ya yi ƙiba. Iskar ce ke turo ruwa mai jini-jini ta baki da hanci. Fata kuma tana janyewa, sai farce da gemu su zama kamar sun ƙara tsawo. Su kuma suka ce ya sha jini ya ƙoshi.

Malam Na Kongo: Madalla. Sai na zamani, waɗanda ake kafawa a manyan birane. Akwai wani wasan tebur da ya fito a Amurka a 1991, Vampire: The Masquerade, wanda ya tsara dokokin da marubuta da yawa suke ɗiba har yau. Kowane birni da sarkinsa. Doka ta farko, kada mutane su san da ku. Baƙo in ya shigo gari sai ya je ya yi gaisuwa. Ba ka juya mutum ya zama irinku sai da izinin manya, kuma laifin wanda ka juya a wuyanka yake. Ba mai yanke hukuncin kisa sai babba.

Yanzu ki tambayi kanki, 'yata: al'ummar da manyanta ba sa mutuwa, yaya na ƙasa zai hau? Ba gado. Ba ranar da za a ce Allah ya ji ƙan Baba, a raba gida da gona. Yarima zai shekara ɗari uku yana yarima. Hanya biyu ta rage masa, ko ya kashe na sama, ko ya tara nasa mutanen. Yaya ake tara mutane? Ta hanyar juya su. Shi ya sa in saurayinki ya ce zai juya budurwarsa su zauna har abada, a kunnenta kalaman soyayya ne, a kunnen sarkinsu kuwa yaro ya fara ɗaukar soja. Ba sai kin zaɓi ɗaya ba. Duk zancen da ya je wurinta, a fadarsu ana lissafa shi.

'Yar Gyallesu: Malam Allah ya ƙara ilimi. Wallahi ni babi-babi nake raba su, wannan na masoya, wannan na fada, shi ya sa suke zama kamar littafi biyu aka ɗinke.

Baba Ƙofar Doka: Jikata, maganar Malam ta rashin gado ita ce magana. Mu nan Zazzau gida huɗu ke sarauta tun bayan jihadi: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Marigayi Sarki Shehu Idris, Allah ya jiƙansa, ya hau a 1975 ya rasu a 2020, shekara 45. Gidan Mallawa kuwa sai da suka yi kusan shekara ɗari rabonsu da gadon kafin ya dawo musu a 2020. Me ya sa ake iya irin wannan haƙurin? Don kowa ya san mulki na Allah ne, kuma kowa mai tafiya ne, in ba ka samu ba ɗanka ko jikanka zai iya samu. To ki cire mutuwa daga lissafin ki ga ko akwai mai haƙuri.

Mai Kula Da Zaure: Baba a gafarce ni, ina ɗan jan kunne ne ga marubuciya. Kada a wayi gari mu ga an ɗauki gidajen sarautarmu an laƙaba wa masu shan jini, ko da sauya suna ne ta yadda kowa zai gane. Ba a wannan zauren ba.

Baba Ƙofar Doka: Ai ban ce ta yi haka ba ɗana, misalin yadda jira yake na kawo. Ta ƙirƙiri nata gidajen. Ga ƙofofi nan, ta ba kowane gida ƙofarsa, wannan ya riƙe Kuyambana, wancan Gayan, wancan Tukur-Tukur, manyansu su riƙa zaman shawara a kan dutsen Kufena. In kuma soyayya mai kisa take so ba sai ta je Turai aro ba. Muna yara ake ba mu labarin Sarauniya Amina, wai duk garin da ta ci sai ta zaɓi namiji ta kwana da shi, gari na wayewa a kashe shi don kada ya ba da labari. Labarin baka ne, amma ga mulki ga so ga jini a wuri ɗaya, kuma macen ce mai wuƙar.

Abu Hanan: Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina jinjina kai. 'Yar'uwa, ba na cewa ƙagaggen labari haramun ne, amma ki san inda kika sa ƙafa. Wanda ya mutu ba ya dawowa duniya, yana barzahu har tashin kiyama. Kowace rai mai ɗanɗanar mutuwa ce. Jini kuma an haramta shi a Baƙara aya ta 173 da Ma'ida aya ta 3. Jaruminki gaba ɗayansa a kan abu uku ya tsaya: ya mutu ya dawo, ba zai sake mutuwa ba, abincinsa jini. Sannan ki sa 'yar Musulmi tana mafarkin zama irinsa. Su Turawa da gicciye da ruwan coci suke korarsa, don daga cikin addininsu abin ya tsiro. Ke da me za a kore shi a Zariya? In kika ce da ayoyi, kin shigar da Alƙur'ani cikin wasa. In kika ce ayoyi ba sa yi masa komai, wannan ta fi muni.

'Yar Gyallesu: Ustaz wannan ta daɗe tana damuna, shi ya sa har yanzu ban sa kowa ya yi addu'a a gabansa ba. Amma kuma Zariya ce, ba zai yiwu a ce an ga abin tsoro ba wanda ya ce a'uzu billahi ba.

Abu Hanan: To me ya hana ki mai da su aljanu? Akwai su, nassi ya tabbatar. Suna daɗewa, suna da ƙabilu, Suratul Jinn ta ce cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba. Batun aljani ya so mutum kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, masu ruƙiyya kullum cikinsa suke, malamai ma sun yi saɓani kan aure tsakanin jinsin biyu. Ba ki taɓa aƙida ba, kuma kin sami tsawon ran da kike nema.

Ɗan Samaru: Aljani ba ya bukatar mutum Ustaz, nan ne matsalar. Yana iya zamansa a tsamiya shekara dubu bai kula kowa ba. Shi mashayin jini dole ya ci mu kafin ya rayu, kuma da can mutum ne kamarmu, yana tuna ɗanɗanon tuwo. Wannan ne ke sa a ji tausayinsa ana tsoronsa. In dai na gida za a ɗauko, maye ya fi kusa. Yana kama kurwa, ana gadonsa, har tafarnuwa an ce ba ya so, kamar dai na Turawan. Ki yi maye ɗan gayu mai ƙanƙara a ciki, yarinya ta ce masa kurwata kur, ya yi murmushi. Wallahi zai sayu.

Anti Nas: Kul. Ƙanwata kada ki soma. Bari in gaya muku abin da na gani da idona. An taɓa kawo mana yaro ɗan shekara bakwai, wuya ya sanƙare, jiki kamar wuta. Kwanansa uku a gida yana fizge-fizge yana sambatu, cikin sambatun ya ambaci sunan wata tsohuwa mai sayar da daddawa a layinsu. Shi ke nan aka ce ta kama shi. Aka jawo ta daga ɗakinta, aka yage mata zane, aka sa ta tsallaka yaron a gaban jama'a, yara na jifa. Sai da suka ga tsallakar ba ta yi ba suka nemo mota. Sanƙarau ne. Ya rayu, amma kunnensa ya tafi, ba ya ji har yau. Tsohuwar kuwa an ce da ta tashi daga unguwar ko tabarmarta ba ta ɗauka ba, kuma jikokinta mata ba mai neman aurensu.

Ku lura da wa ake kira maye a garin nan. Ba a taɓa nuna mai bene da mota an ce maye ne. Tsohuwa ce, ko bazawara, ko baƙon da ba shi da dangi. Baturiya in ta rubuta kyakkyawan mashayin jini ba kakar kowa za a doka ba, don ba wanda ya yarda akwai shi a layinsu. Mu kuwa an yarda. Duk littafin da ya ƙara wa maita armashi wata tsohuwa ce za ta biya.

Malam Na Kongo: Gaskiya ne. Kuma ko shan jinin ma ba wasa ba ne a nahiyar nan. A 2017 a kudancin Malawi jita-jitar masu shan jini ta sa gungun mutane sun kashe waɗanda suke zargi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga wasu gundumomi. Mu ma muna da namu 'yan shan jinin a bakin jama'a, wato 'yan ƙungiyar asiri, waɗanda ake cewa sun ba da ɗa ko mata don kuɗi. In kin duba, abin da Bature ya haɗa a jiki ɗaya mu rarraba shi muka yi: yunwar tana wurin maye, so da tsawon rai suna wurin aljani, dukiya da taron dare suna wurin ɗan ƙungiya. Na ukun nan ne ya fi kama da basaraken Polidori, kuma shi ba a jifansa, gaishe shi ake yi.

'Yar Gyallesu: Anti jikina ya yi sanyi. Maita ta fita daga lissafi. Amma to ga wata: na tsara cewa ba sa farautar mutane, wata ma'aikaciya ce ke sato musu jini daga ma'ajiyar jini ta asibiti.

Anti Nas: Haba ƙanwata, daga wannan sai wannan? Mu da muke roƙon mutane su ba da jini suna cewa sayarwa muke yi? Mace na zubar da jini a ɗakin haihuwa, mijinta da ƙannensa biyar na tsaye a waje kowa na cewa bai ci abinci ba. Ki rubuta nas na sayar wa dodanni jini, gobe a karanta mini shi a bakin aiki. Kuma ko lissafin ba zai fita ba. Leda ɗaya wajen mililita 450 ce. A firji ake ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 6, kwana 35 ta tashi aiki, ga halin wutarmu. Namiji lafiyayye sai bayan wata uku yake sake bayarwa, wato sau huɗu a shekara. In dodonki leda ɗaya yake sha kowane dare, 365 ke nan a shekara, shi kaɗai yana bukatar mutum casa'in da 'yan kai. In su talatin ne fa? Wace ma'ajiya ce za a yi wa wannan ɓarna ba a gane ba cikin mako guda?

Malam Na Kongo: Anti kin ba ta littafin gaba ɗaya ba ki sani ba. In kowane ɗaya sai da mutum casa'in, to yawansu yana da iyaka, kuma wanda ya riƙe hanyar abinci shi ne sarki. Dalilin dokar neman izini ke nan, ƙarin baki ɗaya ragin rabon kowa ne. Dalilin faɗan na Sabon Gari da na birni ke nan, wa ke da tasha, wa ke da kasuwa, wa ke da unguwannin ɗalibai inda baƙi ke shiga da fita.

Ɗan Samaru: Talakawansu kuma su riƙa lallaɓawa mayankar Zango da asuba, tunda jinin shanu zubar da shi ake yi. Manya na yi musu kallon masu cin ƙasa.

Maman Khalifa: Kun ga irinta ko? An fara da soyayya an ƙare a kwata. Ni tambayata, yaya za su haɗu? A ina zai riƙa ganinta?

Ɗan Samaru: Wannan ai mai sauƙi ne Hajiya. An ce ba ya shiga gida sai an ce masa shigo. To wane saurayi ne a Zariya yake shiga gida? Bayan isha'i zai zo ya yi fakin, ya aika yaro, a shimfiɗa masa darduma a zaure. Shekara zai yi yana zuwa ba wanda ya ce don me ba a ganinsa da rana. An kawo masa ruwa da cincin bai taɓa ba, a ce kunya ce.

Baba Ƙofar Doka: Har zuwa ranar da za a ce ya turo. Nan asirinsa zai tonu. Ɗan gidan wa ne? Wa ya san kakansa? A wane masallaci yake salla, wa ya taɓa ganinsa a Juma'a ko jana'iza? Mu ba ma ba da 'ya sai an bi asali har kaka da kakanni.

Maman Khalifa: Ɗaurin aure dai ba dole sai ango ya halarta ba Baba, wakili ke karɓa masa.

Malam Na Kongo: Ranar ma ba dole ta kashe shi ba. A littafin 1897 Dracula yana yawo da rana a Landan, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Wani fim ɗin Jamus na 1922 ne ya kawo mutuwa da hasken rana. Tana iya zaɓa. Amma maganar Baba ta fi rana nauyi. Irin wannan halitta sai birnin da ba a san juna ba, shi ya sa ake kai su Landan da New Orleans. A Samaru ko Kwangila zai ɓace, mai gidan haya kuɗinsa kawai ya sani, ɗalibai kuma duk shekara huɗu an sake sababbi. Cikin ganuwa fa? Mutum ya shekara talatin ba furfura, tsofaffin da ke zaune a dakali su ne za su fara lissafi.

'Yar Gyallesu: To ke nan na birnin ba za su yiwu ba?

Baba Ƙofar Doka: Za su yiwu in akwai gidan da ke rufa musu asiri. Babban gida mai soraye da yawa, akwai sashen da aka ce na wani kaka ne, ba a shiga. Shi ya sayi gonakin, shi ya biya karatun yara, shi ya kai tsofaffi Makka. Su kuma daga kaka zuwa jika suna ba shi abin da yake bukata, bi da bi, ba mai faɗa a waje. Ubangida da baransa ke nan, ba sabon abu ba ne.

Anti Nas: Ka ga mutum casa'in ɗin sun samu. Gida ne da kowa a cikinsa yake fama da ƙarancin jini, ana cewa gadon gidan ne.

'Yar Gyallesu: Wayyo Baba! To ai yarinyar 'yar gidan ce. Ba a Samaru ta tsince shi ba, da kuɗinsa aka kai ta Samarun. Ta taso tana jin ana cewa kada a bi ta wancan soron. In ya ce yana sonta, wa zai ce a'a a gidan? Ita kanta ba za ta iya rabe ko so take yi ko biyan bashi ba. Na Sabon Gari kuma in suna son karya shi ba sai sun taɓa shi ba, gidan za su janye.

Abu Hanan: Wannan ya fi, don yanzu an nuna zalunci a matsayin zalunci. Saura abin da na faɗa. Kada ki ce matacce ne ya tashi. Ki ce ciwo ne ko tsafi ya ja masa tsawon rai, kuma ajalinsa na nan yana jiransa.

Malam Na Kongo: In ajali na jiransa amma ba a san ko shekara ɗari biyar ba ne, lissafina bai rushe ba, na yarda.

Maman Khalifa: Ni duk ban ƙi ba, amma a ƙarshe ya juya ta su zauna tare. Kada ki kashe mana shi.

Anti Nas: Ya juya ta ta rasa me da me? Ba haihuwa, ba shiga biki da rana, tana kallo uwarta da ƙannenta su tsufa su mutu, kuma ita ma ta koma shan jinin 'yan gidansu. Wannan ne kyakkyawan ƙarshe?

Maman Khalifa: To ta zauna mutum ta tsufa yana nan yaro, a riƙa cewa kakarsa ce?

'Yar Gyallesu: Ina ganin ita za ta nemi a juya ta, ba don shi ba. Ta gano muddin tana mutum ita abinci ce, ko ana sonta. Tana son ta zauna a inda ake yanke shawara a kan gidansu. Shi kuma zai ƙi, yana cewa don yana tausayinta ne, alhali ya san in ta zama irinsa ba ta bukatarsa. Sai na Sabon Gari su yi mata tayin abin da ya hana ta.

Maman Khalifa: Wato cin amanarsa za ta yi. Ni dai na faɗa, in ba a yi aure ba a dawo mini da kuɗina.

Ɗan Samaru: Za a yi aure Hajiya, wakili zai karɓa. Ni abin da nake son ki warware kafin babi na gaba, mutumin da aka haifa kafin zuwan Bature, yaya ya yi ya sami lambar NIN? Da sunan wa takardun gonakin suke?

Malam Na Kongo: Da sunan 'yan gidan mana, ba shi da zaɓi. Duk abin da ya mallaka, a takarda nasu ne. In yarinyar Shari'a take karantawa ba a Samaru za ki ajiye ta ba, nan Kongo za ki dawo da ita inda tsangayar Shari'a take, kuma ki sa ta yi kicibis da fayil ɗin tun a shekararta ta biyu.